Shaidar Zur da Na Yi wa Firjin Babanku

Makon jiya 'yar'uwarku Rahila ta kira ni a waya tana ba ni labarin 'yarta Salome. Wai yarinyar na fama da ciwon mara, kuma ba lokacin al'ada yake kama ta ba, sai jini ya ɗauke da kwana biyu ko uku sannan ya murɗe ta. Na tambaya ko sun je asibiti. Rahila ta ce a'a, amma kada in damu, ta riga ta hana ta shan ruwan sanyi, ta kuma aika ƙauye a haƙo saiwar nan ta Kaka. Na ajiye waya. Shekara arba'in ke nan labarin nan yana yawo a gidanmu, ana ba da shi a kowane biki da kowace Kirsimeti: wai ruwan firji ya kusa kashe ni, kakarku ta cece ni da saiwa, kuma albarkacin saiwar aka samu autarku Godiya. Na bar shi yana yawo don bai hana kowa cin tuwo ba. Yanzu ya fara taɓa jikokina, don haka ku shida ku gyara zama. Ni na ƙulla ƙaryar, ni zan kwance ta.

Abin ya faru ne a zamanin da sojoji ke koya mana bin layi da bulala. Muna zaune a Barnawa, ɗaki biyu da falo. Babanku Bulus akawu ne a siton wata masaƙa a Kakuri, ni kuma na fara samun gindin zama a matsayin dila: ina ɗaukar bandir na atamfa da yadi in kai Kafanchan, Akwanga, har Lafiya, in kwana biyu a hanya in dawo. Kafin nan na haifi biyar a cikin shekara tara. A haihuwar ta biyar, wato Alheri, na zubar da jini har na ji muryar mutane tana yi mini nisa kamar suna magana daga ƙetaren kogi. Da na tashi, na yi wa kaina lissafi irin na 'yar kasuwa: in na ci gaba a haka, ko dai in mutu in bar yara biyar, ko in rayu in tsufa da goyo ina kallon wasu suna bin hanyar da na share. Na ji mata a kasuwa suna raɗa cewa akwai wani kilinik da ake sa wa mace roba a mahaifa ta huta. Na je. Suka ce ba matsala, amma sai miji ya sa hannu a takarda.

Babanku ba mugun mutum ba ne, kun san shi. Amma ɗa ne ɗaya tilo namiji da ya rayu a cikin waɗanda uwarsa ta haifa, sai ƙanensa Markus da suke uba ɗaya, kuma tun yana yaro aka cika masa kunne cewa shi zai cika gidan da mutuwa ta share. Na ga in na tambaye shi, zai tambayi uwarsa, in ya tambayi uwarsa, ƙauye duka ya ji. To ni a aji huɗu na bar makaranta, duk wata takarda ta gidan shi ke cike mini ita. Da yamma bayan ya ci abinci, yana jin labarai a rediyo, sai in turo masa su a jere ya bi yana sa hannu. Ranar sai na ninke takardar kilinik yadda layin sa hannu kaɗai ke leƙowa, na cusa ta tsakanin takardar rumfar kasuwa da ta makarantar ɗan'uwanku Yakubu, na miƙa masa biro. Ya sa hannu a duka ukun, ya ce miyar ta yi gishiri. Na kwana ina yaba wa kaina wayo.

Kusan shekara guda lafiya lau. Sai ciwon ya fara. Al'ada za ta zo ta wuce kamar kullum, in yi wanka in ce na rabu da ita, bayan kwana biyu sai in ji kamar ana matse wanki a marata. Yakan yi kwana uku ko huɗu ya sake ni, wata ya zagayo ya dawo. Zuciyata ta gaya mini robar ce, amma na ƙi komawa kilinik don tsoron kada su ce sai an cire. Na ci gaba da haɗiye ƙwayar ciwon kai ina ɗaure ƙugu da ɗankwali. Da na sha a haka, ba don kakarku ta zo ba.

Mama ta zo daga ƙauye ne a duba mata ido, da niyyar mako biyu. Ido ya warke cikin mako uku, ya ma warke fiye da yadda nake so. Ita kuma ungozoma ce, rabin ƙauyensu a hannunta suka faɗo duniya, in mace ta wuce ta gabanta ta san watan cikinta kafin mai cikin ta sani. Wata rana da hantsi ta tarar da ni a ɗakin kaya na kifa ciki a kan bandir ina cije leɓe.

"Saratu, ƙidaya kike da ciki ko addu'a?"

"Mama, mara ce kawai. Irin ta mata."

"Irin ta waɗanne mata? Ran Talata na ga kin shanya tsummanki kin gama. Yau Alhamis. Ciwon mara da na sani gaban jini yake zuwa, ko su zo tare. Wanda ke zuwa bayan kasuwa ta watse, ba ciniki ya kawo shi ba, ɓarawo ne."

Daga ranar ta kafa bincike. Ta tambaye ni abin da nake ci a hanya, da irin motar da nake shiga, da ko na taɓa tsallake wani abu a ƙofar rumfa. Ta ƙirga shekarun Alheri da yatsu, ta ga ta wuce biyu ba ƙani ba ƙanwa, ta ce ciwon da rashin cikin uwarsu ɗaya. Nan kam ta yi gaskiya. Sannan ta zagaya gidan tana neman abin da ya shigo wanda babu shi a da. Ta tsaya a falo, gaban firji.

Sai na ba ku labarin firjin nan, don ku manyan ma ba lallai ku tuna darajarsa ba. Babanku ya cika shekara goma a masaƙa ya saye shi, fari, ya kai ƙirjin mutum, yana da makulli. Bai yarda a kai shi kicin ba, a falo ya kafa shi, na saƙa masa mayafi, aka ɗora hoton aurenmu a kai. Duk ran Asabar da kansa yake goge shi. In baƙo ya zo, kafin a gama gaisuwa ya tashi ya buɗe shi a hankali, don baƙon ya ga fitilar ciki. In an ɗauke wuta ya fi tausaya wa firjin a kan mu da muke zufa. Wannan ne Mama ta nuna da sandarta da yamma, yana dawowa daga aiki.

"Bulus, yaushe wannan akwatin ya shigo gidan nan?"

"Shekara biyu ke nan, Mama."

"Matarka kuma yaushe rabonta da ciki?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu, ta katse shi.

"Ka gani? Mahaifa tukunya ce, da ɗumi take dahuwa. Kai kuma ka kawo ƙanƙara kana ɗura mata safe da yamma. Jinin da ya rage sai ya daskare, shi ne yake murɗa ta bayan ta gama. Ni da na haifi tara, ruwan randa na sha."

"Mama, ai matan Turawa ma suna sha."

"Nawa suke haifa?"

Aka yanke hukunci: an hana ni ruwan firji, makulli ya koma bakin zanen Mama. Sai magani ya biyo baya. Kunun kanwa da asuba, mai zafin da ke saɓule harshe. Citta da kanumfari da masoro da rana. Da yamma saiwar da ta sa aka kawo daga ƙauye, wadda har yau ban san sunanta ba, ɗacinta kuwa in ka sha sai ka tuna zunuban da ka manta. Bayan haka in tsuguna a kan kasko da garwashi, an lulluɓe ni da bargo, a watan Afrilu, a Kaduna. Kun san ni da baki, dilolin maza ma ba sa ja da ni. Amma wanda ya ɓoye akuya a ɗaki ba ya musu in an ce ana jin wari. Duk abin da aka miƙo na shanye.

Labari ya kai zumuntar matan majami'a, suka zo mini addu'a su goma sha biyu da ganga da kacau-kacau. Bayan amin kowace ta buɗe nata asibitin. Wata ta ce ɗaukar bandir ne ya saukar mini da mahaifa. Wata ta ce girgizar motar Akwanga ce. Wata ta matso ta raɗa mini cewa in binciki maƙwabciyar rumfata. Mama ta bar su suka gama, sannan ta kai su falo ta nuna musu mai laifi. Suka tsaya suna kallonsa suna girgiza kai, alhali mintuna kaɗan kafin nan sun shanye lemon da ya sanyaya musu.

Wata ya zagayo, ciwon ya dawo, har ya fi na da. Mama ta zauna a kan tabarma tana kallona ina murƙususu.

"Wannan saiwar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Akwai abin da ban gani ba. Ran Asabar da safe ki yi wanka, zan duba ki da hannuna."

Ku da ba ku sani ba, robar tana da ɗan zare da ake bari don a san tana nan. Likita sabon fita zai iya wuce shi, amma ba yatsun kakarku ba. Na hango ta ta ciro hannu tana tambayata wane tela ne ya manta zare a cikina. Na hango taron dangi, da kawunan babanku, da dattawan majami'a, da takardar da aka sa wa hannu ba a karanta ba. Aurena ne a kan faifai, da mutuncin babanku, da hanyar Lafiya gaba ɗaya. Ran Juma'a da sassafe na ce zan je masaƙa ɗaukar kaya, na zarce kilinik.

Sistar da ta sa mini robar ce na tarar, wata doguwar mata 'yar Filato mai tabarau, wadda ba ta iya rage murya ba. Na ba ta labari tun daga bandir har zuwa kasko. Ta cire tabarau ta share hawayen dariya, sannan ta ɗaure fuska.

"Madam, wata nawa kina wannan ciwon?"

"Biyar."

"Biyar! Ke da an kawo miki yadi mai huji, wata biyar za ki yi kafin ki mayar? Ki saurara. Ciwo bayan al'ada ba hanya ɗaya yake biyowa ba. Wata mahaifarta ce ba ta gama matso sauran jini ba, kwana ɗaya ya wuce. Wata kuma lokacin fitar ƙwai ne, ta ji shi a gefe guda bayan mako ɗaya ko fiye, wannan ba cuta ba ce. Amma wata ƙari ne a mahaifa, wata ƙulli ne a jakar ƙwai. Wata ƙwayar cuta ce ta hau sama, in an bar ta ta toshe hanyar haihuwa. Wata irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne ya tsiro inda ba wurinsa ba. Wata ma ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, wannan kuwa in ya fashe ba a kai mace asibitin Kakuri daga Barnawa da rai. Duk ciwonsu kama yake yi da juna. Ba a gane su da kallo, sai an duba."

"To ruwan sanyi fa, Sista?"

"Ruwan sanyi cikinki yake zuwa, ba mahaifa ba. Hanyarsu ma daban. Hau gado."

Ta duba, ta ce na yi sa'a, nawa mai sauƙi ne: robar ce ta goce daga mazauninta ta sauko, mahaifa kuma tana ta fama ta tura ta waje. Ta cire ta nan take, ta nuna mini a cikin faranti, 'yar aba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ita ta sa ni zama a kan garwashi. Ta ba ni magani, ta ce zan ga ɗan jini kwana biyu, kada kowa ya taɓa ni da hannu, in dawo bayan wata guda da sabuwar takarda in ina son wata.

Na koma gida ba zare, amma ga ɗigon jini a ranar da ba ta jini ba, ga warin maganin asibiti, ga Asabar ta ƙi ɗagawa. Da safe Mama ta yanke farce, ta wanke hannu da toka, ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta. Babanku yana falo da tsummansa yana goge firji yana waƙar majami'a. Na tsaya tsakanin ɗakin da falon. A nan ne na yi abin da na zauna rubuta muku. Na durƙusa.

"Mama, ba sai kin wahalar da kanki ba. Saiwarki ba ta da laifi. Ni ce. Ina da wani makullin, in kin yi barcin rana ina buɗewa in sha."

"Kullum?"

"Kullum. Har da ƙanƙara nake taunawa."

Mama ta tafa hannu, fuskarta ta yi haske kamar an ce mata an yi ruwan shuka.

"Na faɗa! Na ce wannan saiwar ba ta ƙarya! Bulus, ka ji da kunnenka. Mashayi ba ya tuba da tulu a ɗakinsa. Yau akwatin nan zai bar gidan nan, ko ni in bar shi."

Babanku ya tsaya da tsumma a hannu. Makulli ɗaya firjin nan ke da shi tun daga kanti, ya fi kowa sani. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har na fara ƙirga tsagar siminti. Sannan ya ninke tsumman, ya sauke hoton aurenmu, ya fita neman mota. Kafin azahar an ɗora firji a bayan akori-kura an nufi Mahuta, gidan Markus. Babanku ya hau baya ya rungume shi don kada ramuka su jijjiga shi. Ku yara kuka bi motar da kuka har bakin titi.

Wata ya zagayo, ba ciwo. Wani ya sake zagayowa, ba ciwo. Sunan Mama ya cika Barnawa, mata suka riƙa sallama da kwano a hannu suna neman saiwa, na ji ma gida biyu a layinmu sun rufe firjinsu. Ni kuma na ce in ta koma ƙauye sai in sake ninke wata takardar. Mama ta ce ba inda za ta sai ta ga ƙarshen aikinta. A wata na uku ta dube ni ina tankaɗe, ta yi murmushi, ta gaya mini ina da ciki kafin ni in sani. Godiya, ke ce. Ba saiwa ta kawo ki ba, wayon uwarki ne ya ƙare. Ban taɓa nadamar zuwanki ba ko na minti ɗaya, amma ki daina cewa ke 'yar magani ce.

Cikin ya zo da nauyi, likita ya hana ni doguwar tafiya. Kafin in yaye, wata dila ta gaje mini masu saye na Akwanga da Lafiya, ban kuma sake samun hanyar ba, sai na koma na gina ta Kafanchan daga tushe. Da haihuwa ta matso, karo na farko na ga babanku ya ja da uwarsa. Ya ce a asibiti za a yi, ya kuma kwaso abokan aikinsa uku ya zaunar da su a benci don ko za a buƙaci jini. An buƙata.

Godiya na da mako shida, ina shayar da ita a falo, daidai inda ƙafafun firji suka bar tabo huɗu a siminti. Mama ta fita kai wa wata saiwa. Babanku ya dawo daga aiki, ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa ta a kan cinyata, a buɗe, da sa hannunsa a ƙasa. Takardar kilinik ce.

"Maman Rahila, wannan ba sai kin ninke ba."

Na dubi sa hannun, na dube shi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da miya ta yi gishiri. Ni akawu ne. Shekara goma sha uku ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba. Da kika tashi ɗebo mini ruwa na buɗe ta."

"To me ya hana ka magana?"

"Ai ba ki tambaye ni ba, biro kika ba ni. Kuma ni na wanke zanen da kika haifi Alheri a kai. Da kin tambaye ni a fili, da sai na kai wa Mama, don ban iya yi mata ƙarya ba. Da kika ninke, kin hutar da mu duka."

"Firjin fa? Ka san babu wani makulli."

"Na sani. Na duba na ga ranar dole ɗayanku ya bar gidan. Na yi tunani sosai, kada ki ɗauka ban yi ba."

Na jefe shi da hular Godiya. Muka yi dariya har jaririyar ta saki nono tana kallonmu. Amma firjin bai dawo ba, don dawo da shi daidai yake da ce wa Mama ta yi kuskure, shi kuwa ba zai iya ba, ni ma bakina ya riga ya mutu. Har ta rasu tana alfahari da wannan aiki, kuma ban ga ribar ƙwace mata shi ba. Abin da kuka ɗauka zumunci ne, da babanku ke hawa keke duk ran Lahadi bayan sujada ya tafi Mahuta, ba Markus yake zuwa gani ba. Zama yake a falon ƙanensa a ba shi ruwan sanyi a matsayin baƙo, ya sha kofi biyu, ya duba ko ana goge bayan firjin, ya dawo.

Ya riƙe mini wannan sirri har kabarinsa. Ni kuma na riƙe shi fiye da yadda ya kamata, har na tarar da 'ya'yana mata huɗu masu digiri suna tsoron ƙanƙara. Rahila, ban san abin da ke damun Salome ba, ke ma ba ki sani ba, saiwa ma ba ta sani ba. Mai yiwuwa ba komai ba ne, mai yiwuwa kuma abu ne da ba ya son jira. Gobe da safe ki kai ta asibiti a duba ta, ki fita waje ki bar ta ta yi wa likita magana ita kaɗai, don ni na san abin da mace ke iya haɗiyewa in babba na tsaye a kanta. In kun dawo, ki buɗe firji ki cika mata kofi har baki. Ki ce daga kakanta Bulus ne.